Soja Sun Sallami Ƙanena Saboda Rashin Lafiya, Ta Yaya Zan Faɗa wa Baffa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni, ina neman shawararki.

Ƙanena mai bi mini ya yi shekara tara a aikin soja. Wata huɗu ke nan da aka sallame shi saboda rashin lafiya. Bam ne ya tashi kusa da motarsu suna bakin daga. Allah ya tsare ransa, ko karaya bai samu ba, amma kunnensa na hagu ya kusa mutuwa, kuma kullum cikin jin wata ƙara yake a cikinsa. Bayan haka ba ya iya barci, yana mugayen mafarkai, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura yana gumi. Likitocin soja sun ce ciwon damuwa ne irin wanda ke biyo bayan mummunan tashin hankali, sun ɗora shi a kan magani.

Inda gizo ke saƙar shi ne Baffanmu, yayan mahaifinmu. Shi ya riƙe mu tun bayan rasuwar Baba, kuma shi ma tsohon soja ne. Saboda shi ƙanena ya shiga aikin, hotonsa da kaki na nan rataye a falon Baffa, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Da ƙanena ya dawo sai ya kasa faɗa masa gaskiya, ya ce hutu aka ba shi, mu ma muka rufa masa. Shekaranjiya Baffa ya kira ni a waya ya ce, "Ke ce babba, ki faɗa mini gaskiya. Korar yaron nan aka yi?" Na ce masa zan zo mu yi magana.

Ƙanena ya ce in faɗi maganar kunne, amma kada in kuskura in ambaci ɗaya ciwon, domin Baffa na yawan cewa sojojin yanzu ragwaye ne. Ummanmu ta ce in zazzage masa komai kowa ya huta. Maigidana kuma ya ce in tsame hannuna, tunda ba ni na kashe zomon ba. Ga shi Baffa yana da hawan jini. Anti, maganar wa zan bi, kuma ta ina zan fara?

Daga wata 'yar'uwa

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ɗan'uwanki lafiya, ya saka masa da alheri kan abin da ya sadaukar.

Ki je, kuma kada ki bari mako ya zagayo ba ki je ba. Maigidanki alheri yake nufi, ba ya so abin ya ƙare a kanki, amma ke Baffa ya kira, kuma kin riga kin ce kina zuwa. Lokacin tsame hannu ya wuce.

Mutumin da ya yi rayuwarsa a bariki ya san kwana nawa ake ba soja hutu, ya san akwai takardar izinin da ake riƙewa, ya kuma san ba a barin mutum ya zauna gida wata huɗu haka siddan. Ya riga ya yi lissafinsa ya ga bai fita ba, shi ya sa ya kira ki. Ki duba kuma abin da ya ɗarsu a ransa: kora. A wajen tsohon soja, wannan na nufin yaron ya gudu daga bakin aiki, ko ya ƙi bin umarni, ko an kama shi da wani abin kunya har kotun soja ta zauna a kansa. Wato labarin da dattijon nan ke kwana da shi yanzu ya fi gaskiyar muni nesa ba kusa ba. Kuna ganin kuna kare shi daga tashin hawan jini, alhali zullumin da kuka bar shi a ciki ne abin gudu. Labarin da za ki kai masa yana da ɗaci, amma zai sauke masa babban nauyi.

Tsakanin Umma da ƙanenki kuwa, ina bayan ƙanenki. Ciwon nasa ne, a jikinsa yake, shi ke kwana da shi, don haka shi ke da ikon cewa wane ne zai ji kuma yaushe. Ba yaro ba ne. Mutum ne da aka damƙa wa bindiga da rayukan abokan aiki shekara tara. A 'yan watannin nan wasu ne suka yi ta yanke hukunci a kansa: likitoci, kwamiti, manyansa, ba tare da ya iya cewa uffan ba. Idan ku ma na gida kuka ɗauki sirrinsa kuka kai inda ya roƙe ku kada ku kai, kun nuna masa ko a gida ba shi da ta cewa a kan rayuwarsa. Abin da nake jin tsoro shi ne daga ranar ya daina faɗa muku komai, alhali yanzu ne kuka fi buƙatar ya riƙa faɗa. Umma ta gaji da ɓoye-ɓoye ne, kuma ban ga laifinta ba. Ki lallashe ta da cewa zancen hutu zai ƙare a makon nan, sauran kuma ta bar wa ɗanta.

Amma akwai iyakar da ke ma za ki shata masa. Riƙe sirri daban, shara ƙarya daban. Kafin ki taka gidan Baffa, ki zauna da ƙanenki ku biyu, ki ce masa: "Ba zan ambaci abin da ka hana ni ba. Amma ba zan ce wa Baffa kunne ne kaɗai ba, domin ba haka ba ne. Idan ya matsa, zan ce masa akwai sauran abin da likitoci ke bi, kuma kai za ka yi masa bayani da bakinka in ka shirya." In kun sake gina wata rabin ƙaryar a kan ta hutu, ranar da ta rushe Baffa ba zai ƙara yarda da ɗayanku ba. Zai kuwa gane, domin duk wanda ya kwana gida ɗaya da mai irin wannan ciwo dare biyu ya san ba kunne kaɗai ba ne.

A zaman nan ki roƙe shi ku tafi tare. Zuwa da kai ya fi aike. Ba sai ya yi dogon jawabi ba, ke za ki buɗe maganar, shi ya zauna kawai. Tsohon soja zai ga girman yaron da ya zo ya fuskance shi fiye da wanda ya turo yayarsa. In ya ce ba zai iya ba, kada ki tilasta masa, ki ce ya ba ki takardar sallamarsa ki tafi da ita. Sai dai ku karanta ta tare tukuna, layi-layi. Wasu takardun dalili kawai suke faɗa a dunƙule, cewa an sallami mutum bisa dalilin lafiya, wasu kuma, musamman rahoton kwamitin likitoci, suna ɗauke da sunan ciwon ɓaro-ɓaro. Kada ki rufe bakinki sannan ki miƙa wa Baffa sirrin da hannunki. Wadda ba ta fayyace ba ita za ki ɗauka.

Yana da kyau ke kanki ki fahimci yadda ake irin wannan sallama, don muryarki ta fita da ƙarfin gwiwa. A mafi yawan rundunonin duniya ba a tashi rana ɗaya a ce wa soja ya tafi gida. Ana fara yi masa magani, a sauke shi zuwa aiki mai sauƙi na wani lokaci a ga ko zai murmure, sai in abin ya ƙi kwamitin likitocin soja ya zauna a kansa. Tambayar da ke gaban kwamitin guda ce: shin jikin nan zai iya ɗaukar aikin soja? Aikin da ake gudu da kaya masu nauyi a baya, ake jin umarni cikin ƙarar harbi, ake shafe watanni a wurin da asibiti ya yi nisa. Mutum na iya kasancewa lafiyayye a idon kowa, ya riƙe ofis, ya yi kasuwanci, ya tuƙa mota, amma ya faɗi wannan ma'aunin. Ciwon asma, farfaɗiya, gwiwa ko bayan da ya ƙi warkewa, duk suna iya fitar da soja. Alƙaluman da Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ke fitarwa duk shekara suna nuna cewa ciwon ƙashi da gaɓoɓi, da kuma matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa, su ne manyan dalilai biyu na irin wannan sallama a rundunarsu. Ba hukunci ba ne, ba a rubuta wa mutum laifi, kuma shi ƙanenki ba shi ya zaɓa ba.

Maganar kunnen ma ba ƙaramar magana ba ce, kada ki faɗe ta kamar wadda ke neman uzuri. Ƙarar da ta kai desibel 85, wato a ma'aunin ƙarfin sauti, tana lalata ji idan aka daɗe a cikinta, harbin bindiga kuwa yana haura 140, balle bam da ya tashi a kusa. Fatar dodon kunne in ta fashe takan haɗe da kanta cikin makonni, amma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi can cikin kunne, su ke karɓar sauti, kuma in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙarar da yake ji kullum daga wannan lahanin take. A Amurka, wannan ƙarar kunne ita ce kan gaba a cikin nakasun da hukumar tsofaffin sojoji ke biyan diyya a kansu. Sannan da kunne biyu mutum ke gane ta inda sauti ya fito. Mai kunne ɗaya zai ji harbi, amma ba lallai ya san daga gabas ne ko daga yamma ba. Ki faɗa wa Baffa wannan kawai, shi ya fi ki sanin abin da hakan ke nufi ga soja da waɗanda ke gefensa.

Yanzu ranar zuwa. Ba a waya ba, ba kuma a gaban jama'ar gida ba. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ya sha maganinsa, babu baƙi, ki nemi ku keɓe. Bayan gaisuwa kada ki yi ta kewaye-kewaye, domin dogon share fage shi ke sa gaban mutum faɗuwa. Amsar tambayarsa ta zo a numfashin farko:

"Baffa, ba korarsa aka yi ba, bai yi laifin komai ba. Rauni ya samu a bakin aiki, likitocin soja suka duba shi suka ce ba zai iya ci gaba ba, aka sallame shi. Ga takardar."

Ki miƙa masa, ki yi shiru. Ki bar shi ya lalubo tabarau, ya duba lamba da muƙami, ya sauko kan dalili, ya koma sama ya sake karantawa. Mutanen da suka yi aikin kaki sun fi yarda da takarda mai hatimi a kan bayanin baki, kuma minti biyun da zai yi yana karatu suna ba shi damar daidaita fuskarsa ba tare da kin ga abin da ba ya so ki gani ba. Kada ki cike shirun da surutu.

Daga nan sai ban haƙuri kan zancen hutu, kuma ki yi shi da bakin "mu", kada ki jingina wa ƙanenki shi kaɗai. "Mun yi kuskure da muka ɓoye maka, ka yafe mana. Nauyinka ne ya hana shi, ya san yadda kake alfahari da shi." Wannan gaskiya ce, kuma ita ce za ta fi ratsa shi. Ina kyautata zaton fushin da zai yi na ɓoyewar ne fiye da na sallamar. Mutumin da ya riƙe ku tun kuna marayu ya wayi gari shi ne na ƙarshen ji, dole abin ya yi masa zafi. In ya yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki karɓa, yana da gaskiya. Kada ki ce "ai don lafiyarka muka yi", babu dattijon da ke son a nuna masa an mayar da shi abin lallaɓawa.

Zai iya cewa, "Kunne kawai? Na san waɗanda suka yi aiki da kunne ɗaya." A nan ne za ki yi amfani da abin da kuka shirya: "Akwai sauran abin da likitoci ke bi, Baffa. Ya ce shi zai yi maka bayani da kansa, ni ba zan riga shi ba." In ya sake tambaya, ki sake faɗin haka cikin ladabi, ba ƙari ba ragi. Yana iya ɗaure fuska, amma tsohon soja ya san darajar wanda aka ba amana ya riƙe.

Zai kuma iya zabura ya ce bari ya kira wane da wane a mayar da yaron bakin aiki. Wannan son ɗa ne, amma ki taka masa birki a hankali. Hukuncin kwamitin likitoci akwai hanyar ɗaukaka ƙara a kansa a rundunoni da yawa, sai dai mai ciwon ne ke da wannan haƙƙi, kuma sai in yana so. Wa ya tambayi ƙanenki ko yana son komawa? Mutumin da ƙarar ƙofa ke firgita shi ba wurin harbi ya kamata a yi masa hanyar komawa ba.

Sai maganar da kuka fi tsoro, ta ragwanta. Bari in ba ki abin da za ki riƙe a ranki, ba don ki je ki yi wa Baffa lacca ba. Wannan ciwon damuwa ba na sojojin yanzu kaɗai ba ne. Tun 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan sojan Birtaniya mai suna Charles Myers ya yi rubutu a mujallar likitoci ta Lancet kan sojojin da ke dawowa daga ramukan yaƙi suna karkarwa, wasu ji ko gani ya ɗauke musu, alhali babu rauni a jikinsu. A wancan zamani da yawa matsorata aka ɗauke su. Birtaniya ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta su 306 a yaƙin, bisa laifuffuka irin su tsoro da gudu daga fagen fama, kuma ana kyautata zaton wasu daga cikinsu wannan ciwon ne ke damun su. Sai a 2006 gwamnati ta yi musu afuwa, bayan shekara kusan 90. Sunan da likitoci ke kiran ciwon da shi yau, wanda ake taƙaitawa da PTSD, a 1980 ya shiga littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bayan abin da aka gani a jikin waɗanda suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Sojojin da ma sun yi fama da shi, suna ne kawai babu, sai a ce wane ya dawo da zafin rai, ko ya faɗa shaye-shaye, ko ya daina shiga mutane.

Kuma ba hauka ba ne. Ƙanenki ya san kansa, ya san ku, hankalinsa ɗaya. Abin da ya faru shi ne sashen ƙwaƙwalwar da ke faɗakar da mutum haɗari ya ƙi komawa ya kwanta, kamar mai gadin da aka tashi daga aiki aka manta ba a gaya masa ba, yana nan tsaye da fitila har yanzu. Wannan saurin zaburar ita ta taimaka masa ya rayu a daji, a gida ne ta zama ciwo.

Ina da wani zato game da dattawan da ke yawan cewa "mu a zamaninmu". Sau da yawa wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan yana da nasa dararen da bai taɓa ba kowa labari ba, ko yana da abokin da suka dawo tare bai ƙara zama daidai ba. Ba na ce Baffa haka yake ba, kuma kada ki je tono. Amma kada ki yi mamaki in ranar da ƙanenki ya buɗe masa cikinsa, ya tarar Baffa ya fi ku duka gane abin da yake faɗa. Abin da mutum ke faɗa a kan "sojojin yanzu" yana zaune a falo daban ne da abin da zai faɗa a kan yaron da ya raina da hannunsa.

Kafin ki tashi, ki ba shi aiki. Dattijo irin Baffa in aka kawo masa matsala ba a ba shi abin yi ba, sai ya juya ta ta zama faɗa. Ga kuwa aikin da ya fi ku iyawa: bin haƙƙoƙin yaron. Sallamar rashin lafiya takan zo da wasu haƙƙoƙi, kuma kowace ƙasa da dokarta. A Amurka, misali, in aka auna nakasar ta kai kashi 30 cikin 100 ritaya ake yi wa soja da fansho, in ba ta kai ba kuma bai cika shekara 20 yana aiki ba, kuɗin sallama ake ba shi a dunƙule. A Birtaniya, tsarin diyyar da ya fara aiki a 2005 ya ba da wa'adin shekara 7 a shigar da buƙata. Na kawo waɗannan ne don ki ga irin tambayoyin da za a yi a inda kuke. An rubuta a fayil cewa a bakin aiki ya samu raunin? Wannan layi ɗaya shi ne ƙashin bayan kowace diyya. Kashi nawa aka auna nakasar? Fansho ne ko biya ɗaya? Zai ci gaba da ganin likita a asibitin soja, kuma wa zai biya na'urar taimaka wa ji in an rubuta masa? Akwai wa'adin da in ya wuce an rasa? Baffa ya san ofisoshin, ya san yaren da ake yi a can, ya san ƙungiyar tsofaffin sojoji. Ki ce masa, "Baffa, mu ba mu san kan abin nan ba, kai za ka shige mana gaba." Za ki ga ya gyara zama. Sai dai ku sani, bin haƙƙi zai kai ga rahoton likitoci, don haka ƙanenki ya san da wannan tun yanzu, ya riƙe rahoton a hannunsa har ya shirya. Ku yi kwafin kowace takarda, kada ku ba kowa ta asali, kuma duk wanda ya ce a kawo wani abu zai fito da kuɗin da wuri, ku guje shi.

Sauran dangi jimla ɗaya ta ishe su: ya samu rauni a bakin aiki, an sallame shi, yana samun sauƙi. Ku haɗa baki a kanta, har da Umma.

Wasiƙarki kusan duk a kan Baffa take, amma wanda ya fi damuna ƙanenki ne. A rana ɗaya ya rasa aiki, da kaki, da abokan da ya fi sabawa da su fiye da kowa, da amsar da yake bayarwa in an ce "me kake yi?" Ga kunya ta sa yana ɓuya a cikin danginsa. Binciken da aka yi kan tsofaffin sojoji a Amurka ya nuna shekarar farko bayan barin aiki tana cikin lokutan da haɗarin kashe kai ya fi yawa. Ciwon nan ana maganinsa, mutane da yawa suna samun sauƙi sosai. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jinya ta hanyar zama da ƙwararre, wanda zai bi da mutum ta kan abin da ya faru mataki-mataki har tunawar ta daina kayar da shi, kuma sau da yawa zama 8 zuwa 12 ake tsarawa. Ki tambaye shi ko an haɗa shi da irin wannan, ko ƙwayoyi kawai aka ba shi. Ƙwayoyin ma sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya ba da sanin likita ba. Addu'a ku dage da ita, amma kada wani ya ce ya ajiye magani saboda ita. Ku sa ido kada ya koma sayen maganin barci ko na kashe zafi da kansa don ya samu ya runtsa, ta nan da yawa ke zamewa.

In kika ji yana cewa ya zame muku kaya, ko gara ma da bai dawo ba, ko kika ga yana rabar da kayansa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da makami da tarin magunguna daga inda yake, a kai shi asibiti a ranar.

Wani ƙaramin abu kuma da ke haddasa rigima a gida ba a sani ba: mai kunne ɗaya yakan yi kamar ya share mutum. A gaya wa Baffa da kowa su riƙa zama ta damansa, su bari ya ga fuskarsu in suna magana, kada a kira shi daga baya ko a dafa shi ba zato. In ba haka ba wata rana Baffa zai yi masa magana ta hagu, ya ji shiru, ya ce yaron ya koyo raini.

In kuma duk da haka zaman ya ɓaci, Baffa ya faɗi kalmar da kuke tsoro, kada ki yi musu da shi, kada kuma ki fashe da kuka a gabansa in kina iyawa. Ki ce, "Baffa, jininsa ya zuba a aikin nan, ni dai ba zan kira shi rago ba," ki yi sallama ki tafi. Kada ki kwashe kalaman ki kai wa ƙanenki yadda aka faɗe su. Ki ce masa Baffa ya ji, abin ya girgiza shi, a ba shi kwana biyu. Bayan kwana uku ki koma gaisuwa kamar yadda kika saba. Maganar farko da mutum ya yi cikin kaɗuwa ba kasafai take zama matsayarsa ba, kuma in an kai ga buƙatar mai shiga tsakani, ki nemi wani abokin aikinsa na da wanda yake jin maganarsa.

Yau da dare ki kira ƙanenki ku tsayar da abin da za a faɗa da wanda za a bari, ku duba takardar tare. Gobe ki kira Baffa ki sa masa rana.